Yadda na gina curl mai HTTP/3, da yadda saura ƙiris in kai wa Malam sakamakon ƙarya

1/ Jama'a, tun da na rubuta cewa saura ƙiris in miƙa sakamakon ƙarya a furojet ɗina, saƙonni suke ta shigowa ana tambayar me ya faru. To ga zaren. Yana da tsawo, ku gyara zama. 'Yan ajin ƙarshe na kwamfuta, musamman masu aikin awo a kan intanet, don Allah ku bi shi har ƙarshe.

2/ Taken furojet ɗina a taƙaice: shin HTTP/3 ya fi HTTP/2 sauri a irin intanet ɗinmu, wadda sabis ke zuwa yana tafiya? Ni na kai wa Malam taken da kaina, ina ji da kai. Ya karanta ya ce, "Kin tabbata za ki iya auna wannan?" Na ce sosai ma. A lokacin ban taɓa gina wata manhaja daga ɗanyen kod ba.

3/ Ga waɗanda ba 'yan fannin ba: HTTP shi ne yaren da burauzarka da sabar ke magana da shi idan ka buɗe shafi. HTTP/1.1 da HTTP/2 a kan TCP suke tafiya. Aikin TCP shi ne ya tabbatar kowane ƙunshin bayani ya iso, kuma a jere, na ɗaya kafin na biyu.

4/ Matsalar tana cikin jerin nan. HTTP/2, wanda ya fito a 2015, yana tura hotuna da rubutu da komai ta hanya guda. Idan ƙunshi ɗaya ya ɓata, TCP zai tsayar da duk na bayansa har a sake turo shi, ko da ba fayil ɗaya suke ba. Kamar tirela ta mutu a kan gada mai layi ɗaya, har mai keke sai ya jira.

5/ HTTP/3 ya bar TCP ya koma kan QUIC, shi kuma QUIC a kan UDP yake. Kowane fayil da nasa layin, don haka idan ƙunshin hoto ya ɓata, rubutu ba ya jiransa. A Google aka fara QUIC, daga baya IETF ta daidaita shi a RFC 9000 cikin Mayun 2021. HTTP/3 kuma RFC 9114 ne, Yunin 2022.

6/ Akwai kuma batun gaisuwa. Da TCP sai an yi zuwa da dawowa ɗaya a ƙulla haɗi, sannan a sake wani don TLS 1.3 ya kulle zancen. QUIC ya haɗe biyun a gaisuwa ɗaya. Mu da muka saba "ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida" mun san lokacin da gaisuwa ke ci idan wanda kake gaisarwa yana nesa.

7/ Don awon na zaɓi curl. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara shi, kuma tun 1998 yake ɗauke da wannan suna. Laburarensa, libcurl, yana cikin wayoyi da talabijin da motoci. Abin da ya ja ni: yana iya faɗa maka daidai tsawon lokacin da kowane mataki na haɗi ya ɗauka.

8/ Kwamfutata tsohuwar ta Yayana ce, RAM 4GB, Ubuntu 22.04, curl ɗin ciki 7.81.0. Na buga curl --http3 da adireshi. Amsa ta dawo:

curl: option --http3: the installed libcurl version doesn't support this

Wato ya san zaɓin, amma laburaren da aka ba shi ba a gina shi da abin ba.

9/ Dalili: QUIC yana buƙatar laburaren TLS ya buɗe masa wasu ƙofofi na musamman, kuma OpenSSL 3.0 da ke cikin Ubuntu ɗin ba shi da su. Ba abin da apt zai yi min. Sai dai in sauke ɗanyen kod in gina da kaina.

10/ A cikin kod ɗin curl akwai fayil docs/HTTP3.md. Hanyoyi biyu na duba. Ta farko ngtcp2 da nghttp3 na Tatsuhiro Tsujikawa, wadda ta fita daga matakin gwaji a curl 8.5.0, Disambar 2023. Amma sai ka fara gina laburaren TLS mai goyon bayan QUIC, irin su quictls, sannan su biyun, sannan curl. Gini huɗu.

11/ Ta biyu quiche na Cloudflare. Gini ɗaya, sai curl. Amma an rubuta ƙarara cewa na gwaji ne. A wajen curl ma'anar hakan ita ce ba a kunna shi sai ka nema da kanka, halinsa zai iya sauyawa a siga ta gaba, kuma ba a so ka dogara da shi a aikin gaske. Na karanta, na ce biyu ya fi huɗu sauƙi. Kallon kitse na yi wa rogo.

12/ Ashe quiche da yaren Rust aka rubuta shi. Sai na saka Rust da cargo ta rustup. Kuma a cikinsa yana ɗauke da BoringSSL, reshen OpenSSL na Google, wanda cargo ke ginawa ta hanyar cmake. Duk wannan saukewa ce, saukewa kuma data ce. Na koma sayen datar dare, ina tashi sha biyu kamar mai gadi.

13/ Kuskure na farko: na yi git clone ban sa --recursive ba. Foldar boringssl ta zo wayam, ginin ya tsaya. Na fi awa ɗaya ina zargin cmake. Maganin layi ɗaya ne:

git submodule update --init --recursive

Yana nan a takardar. Ni ce na tsallake don sauri.

14/ Kuskure na biyu: na bar cargo build ya yi amfani da duk ƙarfin injin. Fanka ta hau kuka, linzami ya daskare, can sai ga kalmar Killed. Idan RAM ta ƙare, Linux da kansa yake kashe aikin da ya fi ci. Na rufe burauza, na ƙara fayil ɗin swap, na sa -j 1. Ya koma tafiyar hawainiya, amma bai sake mutuwa ba.

15/ Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ba ya kai awa ɗaya. Na zauna a duhu ina kallon layuka na hawa, ina kallon batir na sauka. Ta mutu kafin ya gama. Abin da ya cece ni da safe, cargo ba ya maimaita sassan da ya riga ya kammala.

16/ Kuskure na uku ya fi ciwo. Ginin ya gama lafiya, amma ban sa zaɓuɓɓukan da curl ke buƙata ba. Daidai shi ne:

cargo build --package quiche --release --features ffi,pkg-config-meta,qlog

ffi ne ke ba kod ɗin C damar kiran na Rust. pkg-config-meta ne ke samar da quiche.pc da configure ke nema. Wani daren ya tafi.

17/ Daga nan sai curl kansa. autoreconf -fi yana son autoconf da automake da libtool. configure ya tsaya don babu libpsl, na saka libpsl-dev. Na kuma saka libnghttp2-dev, don idan babu shi curl ɗinka ba zai iya HTTP/2 ba, to da me za ka gwada HTTP/3 ɗin?

18/ A configure za ka nuna masa BoringSSL da --with-openssl, ka nuna masa quiche da --with-quiche, ka sa rpath a LDFLAGS don ya gano libquiche lokacin aiki. Kafin nan sai ka haɗa libssl.a da libcrypto.a cikin folda mai suna lib inda zai gan su. Da ya gama, taƙaitawar ƙarshe ta nuna HTTP3 a kunne, da gargaɗin cewa na gwaji ne, a yi hattara.

19/ Kuskure na huɗu: sudo make install. Ya zuba komai a /usr/local. Na buga curl -V, ya ce bai ga wata alama a laburare ba. Na duba da ldd, ashe sabon curl ya ɗauko tsohon libcurl.so.4 na Ubuntu. Wani ya ce in yi sudo ldconfig. Na yi, curl ya tashi.

20/ Sai cmake ya fara ƙorafin "no version information available" duk lokacin da na kira shi. A nan gabana ya faɗi. Laburaren gwajina ya shiga gaban na tsarin, duk manhajar da ke neman libcurl.so.4 nawa take ɗauka. Na yi sudo make uninstall, na sake ldconfig, na sake gini da --prefix a cikin foldata da --disable-shared.

21/ Dare na shida, wajen ƙarfe uku, na buga curl -V daga foldata. Ga BoringSSL, ga quiche, ga HTTP3 a layin Features. Na yi ƙara. 'Yar ɗakinmu ta farka a firgice ta ce, "Ke lafiya? Ɓera ne?" Na ce a'a, HTTP3 ne. Ta ja bargo ta ce Allah ya shirye ni.

22/ Na ɗauka wahalar ta ƙare. Na tara shafukan da ke sanar da h3 a kan layin alt-svc na amsarsu. Na rubuta ƙaramin shiri: kowane shafi a kira shi da --http2, sannan da --http3, a ajiye time_appconnect da time_starttransfer da time_total ta zaɓin -w. Na yi kwana goma ina awo a wayifai na makaranta, don in huta da sayen data.

23/ Zanen ya fito kamar na littafi. HTTP/3 na gaba kusan a ko'ina. Na tura wa Malam, ya amsa: "Madalla. Ki kawo babi na huɗu ranar Litinin." Har na kira Yayana na ce kwamfutarsa ta yi tarihi.

24/ Daren Juma'a ina son hoton allo guda don rataye, wanda zai nuna haɗin yana faruwa. Na ƙara -v a kan umarnin --http3. Cikin layukan na ga:

* ALPN: server accepted h2
* using HTTP/2

Na ce kuskure ne. Na gwada wani shafi. Haka. Na gwada na uku. Haka.

25/ Na koma takardar curl hannuna na rawa. Tun siga 7.88.0, --http3 ba ya nufin dole. Yana nufin a gwada HTTP/3, idan bai amsa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ba a fara haɗin TCP a gefe, wanda ya riga ƙulluwa shi ne. Kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Mai tilastawa shi ne --http3-only.

26/ Na sa --http3-only a wayifai ɗin. Shiru, har lokacin da na ƙayyade ya ƙare. Na kunna datar wayata na haɗa, nan take ya shiga, "using HTTP/3". Wato UDP ta tashar 443 ba ta wucewa a wayifai ɗin. Ba abin mamaki ba ne, cibiyoyi da yawa suna rufe ta. Burauza ma shiru take komawa TCP, shi ya sa ba wanda ke lura.

27/ Ku fahimta: kwana goma ina gwada HTTP/2 da HTTP/2. To daga ina bambancin ya fito? Daga tsarina. Kullum --http2 nake fara kira. Shi yake ɗaukar nauyin neman adireshi a DNS, shi yake sa sabar kusa ta ajiye fayil ɗin. Na biyu ya zo ya tarar an share masa hanya. Abin da na auna shi ne wa ya zo na biyu.

28/ Abin haushin, curl yana da http_version a cikin -w, wanda ke rubuta 2 ko 3 a kowane kira. Kalma ɗaya ce. Da na sa ta tun ranar farko, da a minti ɗaya na gane. Ban sa ba saboda na riga na yarda da abin da nake son gani.

29/ Yanzu zan faɗi abin da ba na alfahari da shi. Na rufe kwamfutar na fara lissafi. Malam ya ga zanen ya yaba. Sakamakon ya yi daidai da abin da kowa ke tsammani. Ba wanda zai zauna ya gina quiche don ya bincike ni. Saura sati uku a kare furojet, kuma a gidanmu ba a yi tanadin ƙarin shekara ba.

30/ Na gaya wa wata ƙawata. Ta ce, "Ke dai kin cika neman wahala. Wa ya sani in ba ke ba? A bar kaza cikin gashinta." Ba don mugunta ta faɗa ba, ta ga idanuna ne. Wallahi na kwana biyu ina jin maganarta ta fi tawa hankali.

31/ Abin da ya hana ni barci: ni kaina daga furojet ɗin 'yan shekarun baya na ɗauko rabin babi na biyu, na yarda da alƙalumansu ban bincika ba. Nawa ma a kanta ɗaya za a jera shi. Wata za ta zo baɗi ta rubuta "bincike ya nuna", ta sa sunana.

32/ Ranar Lahadi Umma ta kira, ta ji muryata ta ce me ya faru. Ba ta san kwamfuta ba, amma ta shekara tana sayar da gero da wake a gida. Na ce, "Umma, awo na yi na kwana goma, sai yanzu na gane mudun ba daidai ba ne." Ta ce, "An kai wa masu shi?" Na ce tukuna. Ta ce, "To ai da sauƙi. Ki sake aunawa." Sai ta koma zancen bikin 'yar maƙwabta.

33/ Litinin na shiga ofishin Malam ba babi na huɗu. Na ce, "Allah gafarta Malam, zanen da na turo ba daidai ba ne." Ya ajiye biro ya ce, "Kamar yaya?" Na buɗe kwamfuta na nuna masa layin h2, na nuna --http3-only yana tsayawa a wayifai, yana shiga a datar waya.

34/ Ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, "Da kin sa lambar sigar a awonki tun farko, da ba mu zo nan ba." Na ce haka ne, Malam. Ya ce, "Amma cewa ba ya wucewa a nan, shi ma sakamako ne. Ki rubuta shi. Kwana goma na ba ki, ba ƙari." Ban san lokacin da na ce na gode sau uku ba.

35/ Na sake komai. --http3-only da --http2, da curl guda ɗaya wanda na gina. Shirin yana jujjuya wanda zai fara. Kira na farko ga kowane shafi ana zubar da shi. Kowane layi yana ɗauke da http_version da lambar fita, wanda ya gaza ma ana ƙirga shi, ba a share shi. Duk da datar waya, wadda ta cinye kuɗin ankon bikin da Umma ke magana.

36/ Sabon zanen bai kai na farko kyau ba. Idan sabis yana da ƙarfi, bambancin ƙarami ne. A manyan fayiloli akwai inda HTTP/2 ya riga. Inda HTTP/3 ya nuna kansa shi ne farkon haɗi da yamma, lokacin da sabis ke tangal-tangal. Na kuma rubuta iyakar aikin: waya ɗaya, layi ɗaya, gari ɗaya, da quiche wanda har yanzu na gwaji ne a curl.

37/ Wani abu da na gano a hanya: ko a datar waya, idan ka bar --http3 kawai, wani lokaci HTTP/2 ke cin tseren. Don haka ko cibiyarka ba ta rufe UDP ba, awonka zai iya zama gauraye ba ka sani ba.

38/ Ga masu shirin bin wannan hanya. Ku karanta docs/HTTP3.md na sigar da kuka sauke, don matakan suna sauyawa. Kada ku yi sudo make install, ku sa --prefix a foldarku. Ku kira curl ɗinku da cikakkiyar hanyarsa, ku duba shi da -V da ldd. Idan RAM kaɗan ce, -j 1 da swap.

39/ Da zan sake, ngtcp2 zan bi duk da gini huɗun, tunda shi ne ya fita daga gwaji. Kuma kafin awon kwana goma, zan yi kira ɗaya da -v in karanta kowane layi da idona.

40/ Tsohon zanen yana nan a rataye na biyu, da bayanin dalilin da ya sa ba daidai ba ne. Malam ne ya ce a bar shi. Ranar Alhamis zan tsaya gaban malamai in kare aikin. Mai son shirin awon ya yi magana, zan tura bayan nan. Ku sa ni a addu'a, ku kuma roƙa kada a ɗauke wuta kafin in gama nuni.